Tsakanin Hoda da Shuɗi

Shekara talatin da huɗu Sobhan Mridha ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin 'yan mata a birnin Barisal. Karatunsa bai wuce aji biyar ba, amma malaman kimiyyar sinadarai bakwai ne suka zo suka wuce a gabansa, kuma babu wanda bai ci albarkacin hannunsa ba. Kawu kowa ke ce masa, har shugabar makarantar.

Abin da ya fi so a duniya shi ne darasin daidaito, wanda kan faɗo da damina. Ranar yakan yi sammako, ya narkar da wani sinadari da ake kira gishirin kobal, ruwan ya yi launin hoda, sannan ya riƙa ɗiga asid har launin ya tsaya a tsakiya, shi ba hoda ba, shi ba shuɗi ba. Ba ruwansa da awo, ido ne kawai. In an tsoma kwalbar a ruwan zafi ta yi shuɗi, in an sa ta cikin ƙanƙara ta koma hoda. Malamai su cika allo da lissafin wata lamba da suke kira K, wadda suka ce zafi ko sanyi kaɗai ke canza ta. Shi kuwa ya jingina da taga, ruwa na sauka a kan kwano, jirage na busa daga kogi, hankalinsa ya tafi mashigin da mahaifinsa ya yi fito. Goma su haye, goma su dawo, a yini ana yi, amma taron kowace gaɓa na nan yadda yake. Haka ya gane abin: ruwan kwalbar ba barci yake ba, masu tafiya ne da masu dawowa suka zo daidai.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Ko matarsa bai gaya wa ba, don ya san ba a barin asid a hannun mai lalube. Ranar da aka gane, bakin ƙofa za a mai da shi buga ƙararrawa. Tsoro ya ji ƙwarai, amma taurin kai ya fi tsoron yawa, ya haɗa ruwansa kamar kullum.

Malama Dilruba, wadda ita ma a wannan ɗakin ta yi karatu, ta tsoma kwalbar a ruwan zafi gaban ɗalibai sittin. Shiru. Ta mai da ita cikin ƙanƙara, nan ma ko gezau. Asid ya yi yawa, ruwan ya yi shuɗi shar.

"Kawu, yau bula ka haɗa mana? A kawo wanki?" in ji wata ɗaliba daga bayan aji. Aka kwashe da dariya.

"Ku dai iyayen surutu," ya ce. "Ga shi nan a tsakiya, ku buɗe ido."

Dariyar ta mutu. Malama ta dube shi, ta ga ba kwalbar yake kallo ba, gefenta yake kallo. Ta ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan har launin ya dawo tsakiya, ta ƙarasa darasinta, ta sallami yara.

Da ɗakin ya rage su biyu, sai ya laluba ya zaro kwalbar daga ƙanƙara, ya dunƙule ta a tafin hannunsa. Ya roƙe ta ta gaya masa in ta fara juya launi. Suka tsaya, ruwa na ta zuba a waje.

"Ta fara, Kawu."

"Daga ina?"

"Daga inda yatsunka suke."

Ya ɗan ƙara riƙe ta, har sanyin ya bar hannunsa. Sannan ya ciro makullin akwatin asid daga aljihun gaban rigarsa, ya nemo hannun Malama ya saka mata.