Cinikin jirgin da ya ci mahaifiyata

Ina gaishe ku, ina gaida masu karatu. A zamanin da Nasara ke mulkin ƙasarmu, kumandan, Baturen mulki, na zaune a Magarya, ana biyan lanho, wato haraji, da kuɗin gyaɗa, ni matashin magidanci ne a wani ƙauye kusa da Guci. Muna noman gero da wake, muna da 'yan shanunmu, amma abin da aka san ni da shi shi ne dillancin shanu ran kasuwa. Ba yabon kai ba, bakina ya iya ciniki. In na dafa ƙugun sa na faɗi kuɗinsa, da wuya a wuce nan. Har daga Mallawa mutane kan zo su ce in tsaya musu, don sun san ba na bari a ci su ko dala guda. Na girma da ganin cewa duk kuɗin da mai kaya ya fara faɗa, rabinsa ƙarya ne, kuma wanda ya biya bai ja ba wawa ne. Wannan ganin nawa ya ciyar da ni shekaru, daga baya kuma ya yi mini abin da har in shiga kabari ba zan warke ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ta ce ba ta da sauran buri a duniya sai ta ga Ka'aba da idonta. Ta sayar da shanunta na gado, ta sa aka ɗinka mata likkafani ta naɗe shi a ƙasan kayanta, ta ce za ta tsoma shi a zamzam. Ni ne ɗan farinta, ni ya wajaba in kai ta. A lokacin talaka ba ya zancen jirgin sama, ƙasa ake bi. Muka ɗauki hanyar gabas da jakuna, muka ratsa Barno, muka wuce Wadai, inda guzuri ya ƙare mu tsaya in yi ƙodago mu ƙara gaba. A ƙasar Sudan muka daɗe, ina tsinkar auduga a gonakin mutane, ita tana soya ƙosai a bakin zango. Shekaru muka yi a haka, har harshenmu ya karye da Larabcin kasuwa. Tsohuwar nan ban taɓa jin ta ce wash ba. Duk dala da ta samu sai ta miƙo mini, in zuba a lalitar da ke ɗaure a ƙuguna.

Da muka isa bakin Bahar Maliya sai muka tarar babban jirgin hukuma ba na irinmu ba ne. Sai da takarda, sai an yi maka lamba, sai an tsare ka kwanaki a killace, sai kuma ka ajiye kuɗin komowa tun kafin ka tafi. Abin da ke lalitata ba zai kai mu biyu ba. Sai 'yan uwanmu Hausawa da muka haɗu da su a zango suka kawo shawara mu haɗa kuɗi mu yi shatar ƙaramin jirgin katako, irin wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle iska ta tura shi, ya tsallaka da mu mu kaɗai daga wani lungu da ba a tsaro. Da suka ji sana'ata a gida, sai suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ni zan yi musu ciniki. Kaina ya kumbura. Na ɗaura rawanina na tafi wajen mai jirgi kamar mai shiga karar shanu.

Mai jirgin dattijo ne baƙi, siriri, ba ya da yawan magana. Ya kasa mini kuɗin kashi uku: na jirgi, na yaransa matuƙa, da na ruwan sha. Na ruwan ne ya tsaya mini a wuya, don ya kusa kamo na jirgin kansa. Ya ce a garin nan ruwa daga nesa ake kawo shi a bayan raƙuma, garwa-garwa ake saye. Ya ce in iska ta yi kyau kwana biyu ne mu tsallaka, amma shi ba ya tashi sai da ruwan mako, domin iska ba jakin kowa ba ce. Ni kuwa dariya na yi a zuci. Na san wannan dabarar, don ni ma na sha yin ta: ka sayar wa mutum saniya, sannan ka ce igiyar da ke wuyanta kuɗinta daban. Mutum zai hau kan ruwa, gabansa ruwa bayansa ruwa, a ce kuma ya sayi ruwa na mako?

Kada mai karatu ya ɗauka ban san ruwan teku na da gishiri ba. Na sani, har na tsoma yatsa na ɗanɗana. Amma ni ɗan ƙasar kanwa ne. A wajenmu in bazara ta yi nisa, tabkuna sukan janye su bar ruwan zartsi, shanu su sha, mu ma makiyaya mu sha, in ya yi kauri mu sirka shi da na rijiya mu dama gumba, mu wuce abinmu. Cikinmu ya saba. Sai na ƙudurta cewa wannan ma ɗan uwan wancan ne, ɗan ɗaci kawai ya fi shi. In na sayi ruwan kwana biyu, in ta kama mu sirka, zai kai mu ko ina. Na ce wa mai jirgi mu ba 'yan birni ba ne, mu da ruwan zartsi tun muna goye. Ya dube ni, ya ce wannan ba tabki ba ne, ɗana. Na ce ruwan kwana biyu kaɗai zan biya, na miƙe kamar zan tafi wajen wani, irin yadda muke yi a kasuwa. Shi ma yana da iyali, kuma lokacin aikinsa ke nan a shekara. Ya kira ni, ya sallama, ya ce amma Allah shaida ne ya faɗa mini.

Da na koma zango na faɗi abin da na rage, aka yi ta sa mini albarka. Wani tsoho Babarbare ne kaɗai ya ja ni gefe ya ce in koma in ƙara ko da rabi ne, baƙo ko da ido makaho ne, kuma ba a koya wa mai gida hanyar ɗakinsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ragowar kuɗin nan shi zai saya mana ragunan hadaya. Mahaifiyata tana jin mu. Ta yarda da ni, kamar yadda ta yarda da ni tun daga ƙofar gidanmu.

Ranar farko iska ta yi mana kyau, mata har da waƙoƙin bege. Kashegari da hantsi sai ƙyallen ya saki, ya rataye kamar wanki. Iska ta ɗauke ɗif. Babu tudu gaba, babu tudu baya, rana kuwa ta sauko ta zauna a kanmu. Muka wuni, muka kwana, muka sake wuni, jirgi bai motsa ba. Mai jirgi ya karɓe ragowar ruwan ya fara rabawa da ɗan ƙoƙo, ya haɗa har da nasa da na yaransa, ya kuma gargaɗe mu kada wanda ya kai na teku bakinsa. A nan ma ban ji ba. Na ga leɓen mahaifiyata ya tsage, na ga ba ta iya haɗiye busasshiyar gumba. Na faki idon mai jirgi na ɗebo na teku, na sirka da ɗan rabonta, na dama mata, na ce ta sha, ai irin na gida ne. Ta sha don ni na ba ta. Na sake yi mata da yamma, na sake washegari. Ni da hannuna, ba wani ba.

Abin da ban sani ba shi ne ruwan nan ba ya kashe ƙishi, ƙara shi yake, yana jawo wanda ke jikin mutum ya fitar. Cikinta ya ɓaci, ta yi ta amai, idanunta suka faɗa. Da mai jirgi ya gane abin da nake yi sai ya fizge ƙwaryar ya jefar, ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai kuma ya sauke. Daga nan in an miƙo mata rabonta na ruwa mai kyau sai ta ce azumi take, a ba wata yarinya mai goyo da ke kusa da ita, wadda nononta ya ƙafe jaririn yana ta kuka babu murya. Na roƙe ta, na ce Inna ba a azumi a kan tafiya. Ta ce in bar ta, ita ta san abin da take ji a jikinta, ruwa ba zai ƙara mata komai ba. Na kwance lalitata gaba ɗaya, da kuɗin da na rage da na guzurinmu, na ajiye a gaban mai jirgi na ce ya sayar mini da salkar ruwa guda. Ya ɗago salkunan ɗaya bayan ɗaya ya nuna mini, duk sun manne. Ya tura mini kuɗina da ƙafa, ya ce in sha su.

A al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, kunya ce. Tun da na yi wayo, kai wannan take ce mini, ko ta aiko ƙanne su kira ni. A ranar, da rana tsaka, kanta na bisa cinyata ina yi mata inuwa da rawanina, sai na ji ta kira sunana na yanka, sarai, sau biyu. Ta tambaye ni ko mun kusa. Na ce mun kusa, ga duwatsun Hijaz can ana hangowa, alhali babu komai sai ruwa. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi mini albarka. Ta yi kalmar shahada, ta cika kafin la'asar. Albarkar nan da ta sa mini ta fi mini zafi da a ce tsine mini ta yi.

Zafi bai bari a ajiye gawa ba. Matan suka yi mata wanka da ruwan da ya kashe ta, suka ciro likkafanin nan da ya sha tafiyar shekaru bai ga zamzam ba, suka suturta ta. Tsohon Babarbaren ya yi mata salla muna tsaye a cushe. Aka ɗaura mata dutse daga cikin waɗanda ake danne jirgi da su, ni na kama wajen kai, muka sake ta. Ruwan garau yake, na daɗe ina hango farin likkafanin yana nisa. Washegari iska ta dawo. Ba ita kaɗai muka rasa ba, akwai wani dattijo ma da bai kai tudu ba, kuma shi ma ina ƙirga shi a wuyana. Babu wanda ya zage ni a cikin mutanen nan. Da muka sauka dai kowa ya kama gabansa, ba wanda ya yi mini sallama.

Na yi aikin hajji kamar gangar jiki babu rai. Na yi shekaru kafin in iya fuskantar gida. Da na dawo aka tare ni da guɗa, ana Alhaji, Alhaji. Ƙanwata da ke aure a Bande ta zo ta durƙusa tana kuka ta tambaye ni inda Inna take kwance. Bakina da ya saba gyara zance ya riga ni, na ce a Makka ta rasu bayan ta yi ɗawafi, a can aka binne ta. Nan take kuka ya koma murna, aka yi ta cewa ta dace, ta yi kyakkyawan ƙarshe. Na karɓi barka a kan abin da ya kamata a jefe ni. Ban sake shiga kasuwar shanu da sunan dillanci ba, mutane suka ɗauka tsoron Allah ne na alhazai.

Yanzu na tsufa, na ga jikoki, amma ban taɓa kai ƙwaryar ruwa bakina ban tuna ba. Na yi istigfari, na yi sadaka, na haƙa rijiya a bakin hanya, zuciyata dai ba ta sauka ba. Abin da zan gaya wa masu karatu, musamman matasa masu ji da wayo da masu jagorantar iyayensu a tafiya, shi ne wayon garinku na garinku ne. In ka je ƙasar da ba ka sani ba, mai sana'a ya ce maka abu kaza sai da kaza, ka ja ciniki a kan ribarsa in ka ga dama, amma kada ka taɓa abin da ya ce rai na rataye a kansa. Ba kowane kuɗi ake ragewa ba, kuma da-na-sani ƙeya ce.

Ƙanwata ta rayu shekaru masu yawa bayan dawowata. Kowace shekara in maniyyata za su tashi daga yankinmu, sai ta ƙulla 'yan daloli a bakin zane ta kai musu, ta ce in sun je maƙabartar Makka su tsaya su yi wa Innarmu addu'a, ta kuma turo su wajena in kwatanta musu wurin. Ni kuwa in zauna in kwatanta. Bara ta rasu, tana roƙon Allah ya tashe ta kusa da uwarta, ban gaya mata ba.