Ƙyauren Masallaci da Ƙotar Bindiga

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, tun tana ƙauye a bayan ganuwa, gonakin dawa da gero daga ƙofar gidanmu har Tarauni. Turawa ba su tafi ba tukuna. Da damina, in an idar da sallar isha'i, kakata takan hura wuta a bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, mu jikoki mu jawo tabarma mu kewaye ta. Sunanta Hansai, amma Iya muke ce mata. Ni kuwa maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin na bar ta ba cefane ba zane.

Babana masassaƙi ne. Yana yin turmi da akushi da ƙotar fartanya, wani lokaci har ƙotar bindiga in maharba sun kawo. Shi ne ɗan Iya na fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta zaunar da shi ta yi masa faɗa ba. In tana da magana da shi, mu take gaya wa, da muryar da za ta kai rumfar da yake aiki.

Wata rana Baba ya dawo daga Sabon Gari da katako ɗaure a bayan keke. Wani amininsa kafinta, Bayarabe Kirista da ake kira Baban Bose, shi ya ba shi kyauta. An sake benci a cocinsu, aka raba tsofaffin. Katako ne ja mai nauyi, irin na kurmi, ya sha hannu har yana ƙyalli. Zuwansa ya dace da na wani maharbi daga Daurawa, wanda ƙotar bindigarsa ta tsage, ga birai sun sa gonarsa a gaba. Baba ya auna, ya ce wannan katakon kamar don ita aka yi shi. Iya ta zo wucewa, ta shafa shi, ta tambaye ni daga ina ya fito. Na gaya mata. Baba bai ɗago kai ba ya ce, "Ai ba na masallaci ba ne."

Da dare da muka taru a bakin wutar Iya, Baba yana rumfa yana wasa gizagonsa a kan dutse, sai ta ce, "Ga wata nan tafe." Muka ce ta iso mu ji. Ta ce, "To ku gyara zama. Ta yau babu dabba mai magana a cikinta."

Ta ce a wani ƙauye can bayan Darmanawa, tun zamanin iyayenta, an yi wani masassaƙi Tanko. Wata shekara ruwa ya rushe masallacin garin, aka fitar da ƙyaurensa aka jingine da bishiya kafin a sake gini. Ƙyaure ne na maɗaci, falle biyu, ya tsufa ya bushe sarai. A gefe guda akwai wani ɗan kwarmi, inda tafin hannun masallata ya cinye itacen saboda turawa safe da yamma.

A daminar nan kura ta addabi garin. Ta gama da awaki, har ta kai ga ɗaukar yarinya daga bakin danga. Maharbi ɗaya ne a garin, Mati, bindigarsa kuwa ƙotarta ta ruɓe. Ɗanyen itace ba ya yi, sai an sare shi an jira ya bushe, kura kuma ba ta jira. Tanko ya dubi ƙyauren ya je wurin ladan, wanda amininsa ne tun suna yara. Ladan ya ce shi dai ransa bai kwanta ba, kayan ɗakin Allah ne. Tanko ya ce, "Rai za a ceta da shi." Ladan ya yi shiru, Tanko ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya ɓalle falle ɗaya.

Ƙota ta yi kyau. Kwarmin nan ma ya faɗo daidai inda maharbi yake riƙewa. Mati ya yi kwanto ya kashe kurar, gari ya yi barci, mata suka yi ta sa wa Tanko albarka.

A nan Iya ta tsaya ta tura itace cikin wuta. Muka ɗauka ta ƙare. Ta ce, "Ina za ku? Kura ce ta mutu, bindiga tana nan."

Shekaru suka wuce, Mati ya rasu, ɗansa ya gaji bindigar. Saurayi ne mai zuciyar tsiya. Gonarsa tana iyaka da ta ladan, wata shuka suka yi saɓani a kan kunya ɗaya. Ladan ya tsufa, magana kawai yake yi, amma yaron ya ji kamar an wulaƙanta shi a gaban mutane. Ya koma gida ya ɗauko bindiga. Kafin a riƙe shi ya sakar wa ladan ita.

Tanko yana cikin waɗanda suka fara isa. Ya tarar da amininsa kwance a tsakanin kunyoyi, bindiga yashe a gefe. Ya ɗauke ta don ya kawar, yatsunsa suka faɗa cikin kwarmin nan. Hannun ladan ya fi na kowa taɓa wurin, don shi yake fara tura ƙyauren kullum da asuba. Iya ta ce Tanko bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙasa har aka gama abin da za a yi. Makarar garin ta lalace tun rushewar masallaci, aro suke yi daga maƙwabta, sai ya tashi ya ɗauko fallen da ya rage, wanda aka ajiye a zaure aka manta, ya haɗa abin da za a ɗauki gawar a kai. Daga ranar bai sake sassaƙa ƙotar bindiga ba, kowane irin itace aka kawo masa.

Ban san lokacin da ƙarar dutsen wasa ta tsaya a rumfa ba. Na dai lura ba a jin komai sai kwaɗi.

Na ce, "Iya, to da bai sassaƙa ba fa? Kurar ai da ta ci wasu yaran."

Ta dube ni ta ce, "Da ta ci, maigida. Ban ce maka ba ta ci ba."

"To laifinsa ne ko ba laifinsa ba ne?"

"Wannan sai Allah. Ni abin da na sani, mai gatari yana da iko da abu muddin yana hannunsa. In ya fita, sai wanda ya riƙa." Ta ɗan ɗaga murya. "Wurin da bawa ya sa gwiwa ya roƙi Ubangijinsa da iyakar saninsa, ko namu ne ko ba namu ba, ni ba na so in ga an ɗura masa albarushi." Sai ta kakkaɓe zane ta ce ta ƙare a kan ɓera, kowa ya nemi makwanci.

Washegari Baba ya gaya wa maharbin Daurawa sai dai ya jira a samo busasshen maɗaci. Mutumin ya tafi yana mita, kuma kafin a gama masa aikin birai sun yi masa ɓarna ba kaɗan ba. Har ya mutu yana gaida Baba a daƙile. Katakon kuwa Baba ya sa masa ƙafafu ya ajiye a zaure don baƙi. Da Baban Bose ya zo yawon salla ya zauna a kai, Baba ya gaya masa abin da ya so ya yi da shi. Mutumin ya shafa katakon, ya ce da Hausarsa ta 'yan kurmi, shi bai taɓa kawo wannan a ransa ba, amma uwarsa a kan irin wannan bencin ta yi ta addu'a har ta bar duniya. Sannan aka kawo musu tuwo.

Da na girma na tambayi malamai. Wani ya ce kayan masallaci wakafi ne, ba a karkatar da shi. Wani ya ce lalura tana halatta abin da aka hana. Duk na ji, ban kuma iya ƙaryata ko ɗaya ba.

Na daɗe ina ɗauka labarin sakayya Iya ta ba mu, cewa alhakin masallaci ne ya kama Tanko. Sai da furfura ta fito mini, na binne mutanen da ba su ci ba ba su sha ba, sannan na lura da abin da ban lura da shi ba ina yaro. Tanko ya rayu ya tsufa a ɗakinsa. Wanda aka harba shi ne mutumin da tun farko ya ce ransa bai kwanta ba. Iya ta san haka lokacin da take ba mu labarin, ba ta kuma gyara shi don mu ji daɗin barci ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.