Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

Ɗan farina mushe ne, wato malamin makarantar boko, yana koyarwa a wata lakwal cikin Maraɗi, kullum da keke yake tafiya daga nan Tsibiri. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. In ina neman shi sai in ce "kai wancan", ya juyo. Har furfura ta fito mishi muna a haka, kuma matan unguwa sun san ni da wannan.

Bara ya sayo wasu 'yan abubuwa farare kamar ƙwayar gujiya yana cusawa a kunne. Na tambaye shi ko ciwo ne.

"A'a, Inna. Iska ce ke cika mini kunne in ina gudu. Waɗannan suna kashe ƙararta, sai in ji labarun rediyo da ke fitowa cikinsu sosai."

Na ce, "Mu da muka taka har Jiratawa da kaya a ka, iska ba ta kurmantar da kowa ba." Ya yi dariya.

Wata safiya ina bakin kwalta wurin mai ƙosai, mata cike, ya wuce mu bisa kekensa. Sai ga babbar mota da buhunan hatsi a bayansa, direba na ta danna oda, birki ya ƙi. 'Yan kabu-kabu duk suka watse gefe. Shi ko yana tuƙinsa hankali kwance.

Na ce "kai wancan", bai juyo ba. Sai na buɗe baki na kira sunan da dukan muryata, gaban mata, gaban matarsa. Direba ya karkatar da motar ta gangara cikin rairayi, buhuna suka zube. Ɗana ko waiwaye bai yi ba, ya tafi lakwal abinsa.

Kafin la'asar labari ya gama gari, ba na motar ba, nawa. Har yau mai ƙosai in ta gan ni sai ta ce, "Ashe dai Hajiya ta san sunan."

Da ya dawo matarsa ta gaya mishi. Ya zo ya durƙusa bakin ɗakina yana murmushi.

"Inna, an ce kin kira ni. Kowa ya ji ban da ni. Ki sake faɗi mana."

"Na faɗa lokacin da ya kamata. Je ka tambayi mai ƙosai yadda ya fito."

Washegari ya sake cusa 'yan abubuwan nan a kunne, ya hau kekensa. Ni kuma na bar zuwa bakin kwalta da safe.