Na Bar Ƙwayar Hawan Jini Saboda Shayin Ganye

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ina Sabi'u direba ya shige tun kafin damina, ga ni. Ban mutu ba, amma ban dawo yadda kuka san ni ba.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Na ce zaman mota ne, kullum Kankiya zuwa Kano. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba ni ƙwaya, aka ce ta zama abincina har abada. Wannan "har abada" ɗin ce ta ɓata mini rai.

Sai wani mai magani ya zo tasha da lasifika, yana tallan shayin wani ganye da ya kira netil. Wai ɗanyensa harbi yake kamar kunama, busasshensa kuma yana maganin sanyin gaɓoɓi da kumburi, yana wanke mara. Na saya.

Wallahi ya sa ni fitsari! Daga Kankiya zuwa Yashe sai na tsaya sau biyu. Fasinjoji suna tsiya wai direba ya zama famfo, ni ko daɗi nake ji. Ai mu a wurinmu, in magani ya sa ka fitsari, ciwo ne ke fita. Ƙafa ta saɓe, takalmi ya shiga, na watsar da ƙwayar.

Matata Hajara ta yi magana, na ce mata ita likita ce? Ta tsince ƙwayar ta ajiye.

Wata bakwai ina haka. Sai ciwon kai, sai amai, fuska ta kumbura. Fitsarin da nake taƙama da shi ya koma ɗigo.

Ƙanina Lawal ya ɗauko mota daga Kusada ya kai ni Katsina. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, muka yini a benci muna jiran sakamako. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Na miƙa wa likita ledar shayin, ina so ya ce laifinsa ne. Ya juya ta ya ce, "Malam Sabi'u, mutane na shan wannan. Ƙwayar da ka bari ce matsalar. Jinin ya yi ta hawa a ɓoye har ya cinye maka ƙoda."

Yanzu wankin ƙoda nake, sau biyu a mako, awa huɗu ina kallon jinina na zagaya inji. Ruwan sha ma sai an auna mini. Motar mun sayar, kuɗin sun kusa ƙarewa. Na yi kwanciyar asibiti, an sallame ni, ina cin abinci, ina zuwa masallaci da ƙafata. Iyakar sauƙin ke nan.

Na gode wa Allah. Na gode wa Lawal, da abokan tasha da suka ba ni jini. Hajara kuma ban san da wane baki zan gode mata ba.

Don Allah, kowane ganye za ku sha, ku fara nuna wa likita. Kada ku ajiye ƙwayar asibiti don kun ji sauƙi. Ku riƙa auna jini ko ba inda ke muku ciwo.

Makon jiya na tambayi likita yaushe ƙodar za ta farfaɗo in koma tuƙi. Ya daɗe yana duba takarda, sannan ya ce in nemi sana'ar zaune.