Shafin Kalolaine

Lisiate mutumin Tonga ne kamar ni. Tare muka tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke yammacin Sydney, har ƙugu ya ce ya gaji. In ana zancen wasan ƙwallon rugbi, to ka ja bakinka ka yi shiru, don ba zai bar ka ka sa baki ba. Amma a gida rimot na matarsa Kalolaine ne. Ita ke zaɓa, shi kuma ya zauna yana ƙunƙuni yana kallo.

Talabijin ɗinsu irin mai tambayar nan ce: kana kunnawa sai ta jero sunayen mutanen gida, kowa ya danna nasa. Shafin Kalolaine ya san ta ciki da waje. Waƙoƙin coci ne, da girke-girke, da fina-finan soyayya na Filifin masu sa ta kuka tana zagin jarumin.

Da ta rasu bara, Lisiate bai sake danna sunansa ba, sai nata. Na'urar ba ta san an yi rashi ba, kullum sai ta kawo sababbin abubuwa, wai ga wanda za ki so. Shi kuwa ya zauna ya kalle su tas.

"Mutumina, ba kai ka ce fina-finan nan shirme ba ne?" na tsokane shi ranar da na kai masa dafaffen gwaza.

"Har gobe shirme ne. To ya zan yi, ita ta zaɓa."

Rugbi kuwa gidana yake zuwa kallo, wai kada ya gurɓata mata shafi. Na yi dariya a lokacin, amma da na koma ɗaki sai tausayinsa ya kama ni.

Mijin 'yarsa Melenaite, wato Sitani, yana sayar da kayan lantarki a wani babban kanti. Yaron kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Wani kamfani ya tara su ya nuna musu yadda falon gobe zai kasance, ya dawo kansa ya ɗau zafi.

"Baba, an gama yayin rimot. Talabijin da ke zuwa ido gare ta. Kana zama ta gane ka, ta kawo maka abin da ranka ke so tun ba ka tambaya ba."

"Wa ya gaya mata abin da raina ke so?"

"Kai dai bari ta iso, Baba."

Ta iso kuwa, ranar bikin zagayowar haihuwar Lisiate. Faɗinta ya kai ƙofa. Sitani da matarsa suka kafa ta, tsohuwar kuma suka ba matasan coci. Ina wurin lokacin da Lisiate ya zauna. Allon ya haska, ya gaishe shi da sunansa, sai ga ƙarti suna kokawa a kan ƙwallo.

"Ina Kalolaine?" in ji Lisiate.

"Tana ciki, Baba, ba abin da ya ɓata. Sai dai ba a buɗe shafin mutum sai an ga fuskarsa."

Sai da maganar ta fita sannan Sitani ya ji abin da ya faɗa. Melenaite ta tashi ta shige kicin. Ni kam raina ya ɓaci, ba da yaron ba, da masu ƙera abin, waɗanda suka ɗauka duk wanda ake so yana nan zaune a falo. Sitani ya yi alkawarin tambayar kamfani. An ce masa ana duba lamarin.

Ran Lahadi bayan coci na biya ta gidan. Tun daga ƙofa na ji muryoyin mata suna rera waƙar yabo. Na leƙa, ashe a talabijin ne. Babban hoton Kalolaine na bango ne a kan kujerarta, an tokare shi da matashi, yana fuskantar allon. Lisiate kuwa yana bakin ƙofar kicin a kan 'yar kujera, ya miƙa wuya.

"Tsoho, me kake yi a can kamar ɓarawo a gidanka?"

Ya ɗaga min hannu. "Yi a hankali, bi ta bayan kujera. In na'urar ta ga ɗayanmu sai ta kori Kalolaine."

Na bi ta baya na tsuguna kusa da shi. Daga nan rabin allon kawai ake gani.