Doyar Da Aka Goya

Duk hutun ƙarshen shekara Mama takan ɗora mu a mota daga Lafiya zuwa Adogi, gidan Kaka. Lokacin an gama haƙar doya, rumfar bayan gida ta cika. Da an idar da sallar magariba Kaka za ta hura wuta a tsakar gida, ta tura doya biyu cikin garwashi, ta ajiye kwanon manja da barkono a gefe. Mu kuma jikoki sai mu kewaye ta. Har yau idan na ji ƙamshin bawon doya yana ƙonewa, tafin hannunta nake gani, mai kaushi, yana juya ta ba tare da tsoron zafi ba.

A can ƙarshen rumfar akwai wasu ƙananan doya da aka ware aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Iri ne, na shukar baɗi. A gidan Kaka ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa su. Wata rana na ɗauko ɗaya don ta yi mini kyau a hannu, na ce a gasa mini. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, ta mayar da ita rumfa da kanta, ta dawo ta zauna.

"Takwara," ta ce, don sunanta aka sa mini, "zo nan. Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata."

Muka amsa yadda ta koya mana: "Ta zo ta ji ɗumi."

Ta ce a wani gari tsakanin rafi biyu an yi wani baƙo mai farar riga da murya mai sanyi. Bai roƙi kowa komai ba. Yakan zauna gindin ɗorawa, duk mai baƙin ciki ya je ya faɗa masa, shi kuma ya saurara har mutum ya ji nauyin ƙirjinsa ya ragu. Mutane suka so shi ƙwarai. Sai wata rana ya ce masu ƙaunarsa su daina sa jan tufafi. Suka ce wannan ai mai sauƙi ne. Bayan kwana biyu ya ce kada su ci abinci a gidan wanda ba ya zuwa gindin ɗorawar. Daga nan sai gaisuwa ma ya hana. Da rani ya yi nisa, ya tara su ya ce ajiye iri rashin yarda ne. Kowa ya kawo nasa a gasa a cinye, su tayar da kunyar shuka a gona su bar ta haka, shi zai sa ƙasa ta haifi doya da kanta.

Kwana uku ana gashi ana kiɗa. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tambaya, a hankali, "To in ruwa ya sauka, me za mu sa a cikin kunyar?" 'Ya'yan cikinta suka juya mata baya. Ta koma ɗaki ta binne ƙananan doya bakwai a tukunyar toka.

Ruwa ya sauka, kunyoyi suka yi ciyawa. Baƙon ya ce laifin wani ne da ya ɓoye iri. Aka bi gida gida, aka fasa tukunyar tsohuwa, aka ƙona guda shida a gabanta. Ta bakwai kuwa ta riga ta goya ta a baya, ta ja zane ta rufe, ana tsammanin jikanta ne ke barci. Wata safiya aka tashi babu baƙo babu labarinsa. Mutanen gari suka zo ƙofarta suka tsaya, ba mai iya ɗaga kai. Ta kwance goyon, ta yanka doyar gida biyar, ta shafa wa kowane yanki toka, ta shuka. An yi shekaru ana yunwa kafin rumfuna su sake cika.

"Ta ƙare," in ji Kaka, "ta koma cikin toka ta kwanta."

Na ce, "Kaka, mutanen nan ba su da hankali ne? Ni da ba zan ba shi ba."

Ta yi dariya, ta ɓare doya ta miƙo mini. "Ji ta, mai baki kamar rediyo. Hankalinsu ya fi naki, takwara. Ai ba da doya ya fara ba."

Ban gane ba. Na dangwali manja na ci abina.

Kaka ta rasu ina shekara ta biyu a jami'a, a Shabu. Na yi watanni kamar an cire mini wani abu a ciki. A lokacin ne ƙawata Sa'adatu, wadda muke ɗaki ɗaya, ta kai ni wani gida a bayan kasuwa, wurin wani mutum da suke kira Jagora. Ranar farko bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "'Yata, ba ni labarin kakarki." Na yi magana har na yi kuka, yana sauraro. Na fito ina jin iska ta fi daɗin shaƙa.

Sai ya ce mu riƙa sa farin hijabi kawai. Na sa, har ma ya yi mini kyau. Ya ce kada mu ci abincin waɗanda ba sa zuwa, na daina cin na maƙwabciyarmu Rahila, wadda kullum take ɗebo mana miyar gyaɗa. Ya ce muryar gida tana raunana zuciya. Waya ta riƙa ƙara, sunan Mama a kai, ina kallo har ta katse. Kowanne a lokacinsa ƙarami ne, kuma na ga kamar ni ce na zaɓa.

Wata Alhamis ya ce lokaci ya yi da za mu bar gari, mu koma wani sansani a daji. Kowa ya kawo wayarsa da takardun makarantarsa gobe da safe a ƙona, don mai cikakkiyar yarda ba ya barin hanyar komawa. Wata yarinya ta tambayi wanda zai kula da mahaifinta marar lafiya. Ya yi murmushi kawai, mu ne muka matsa daga kusa da ita. Har da ni.

Da safe na zuba takarduna a jaka na hau okada. Sa'adatu ta riga ni tafiya. A bakin kasuwar doya cunkoson keke mai ƙafa uku ya tsayar da mu. Wata mata tana zaune a kan buhu, tana ware ƙananan doya gefe guda. Wani ya taya, ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba na ci ba ne, iri ne." Na ji jakar ta yi nauyi a cinyata. Na fara ƙirgawa baya: waya, miyar Rahila, farin hijabi, muryar da ta saurare ni.

"Malam," na ce wa mai okada, "juya. Kai ni gida, unguwarmu."

"Hajiya, ki tsai da magana ɗaya, mai ya yi tsada fa."

"Na tsayar."

Mama tana wanki na shiga. Ta dube ni, ta dubi jakar da na rungume. Ba ta tambaye ni dalilin dawowata ba. Ta ce, "Kin karya kuwa?"

A da ina ɗauka tsohuwar nan jaruma ce, sauran kuma wawaye. Yanzu na san cikin sauran nake, cunkoson hanya da tatsuniyar Kaka ne suka fitar da ni. Sa'adatu ta fi ni ƙwaƙwalwa, ta fi ni tausayi. Lambarta tana nan a wayata. Duk Juma'a nakan kira, a ce mini a kashe take. Ban goge ba. Idan ta dawo wata rana ta tsaya a ƙofa ta kasa ɗaga kai, ina so ta tarar an ajiye mata wani abu.