Kashe-Kunna da Alamomi Dubu Shida

A cibiyarmu ba a asarar komai. Mun bar zamanin takarda da ƙura, mun shiga zamanin gajimare, inda duk abin da ma'aikaci ya ajiye yake zaune daram har abada, wuta ba ta cinsa, gara ba ta taɓa shi, ɓarawo bai san hanyarsa ba. Haka Darakta ya faɗa a babban ɗakin taro shekara uku da suka wuce. Aka tafa, aka buga maganar a allo, aka rataye a bakin ƙofa. Tana nan har yau, ana goge ta duk Litinin.

Mutumin da ya hau tsani ya buga ƙusar allon shi ne zai yi ritaya ƙarshen wannan wata, bayan shekara ashirin da tara yana gyaran kwamfutocinmu. Tun da na duba jadawalin taruka ban ga inda aka sa ranar yi masa bankwana ba, na ce bari in yi nawa a takarda, duk da an ce zamaninta ya wuce.

Kashe-Kunna muke ce masa. Ya samo sunan ne daga tambayar da yake fara yi wa kowa, daga masinja har masu digiri uku: "Kin kashe kin kunna?" Mutane suna jin haushin tambayar, musamman da yake sau bakwai cikin goma ita ce maganin. Yana riga kowa zuwa. Ofishinsa yana ƙarƙashin matakala, inda a da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Babu taga. Akwai fanka da ba ta juyawa sai an mare ta, da kanta cike da matattun kibod da ya ƙi zubarwa, da butar shayi mai murfin aro. A aljihun gaban rigarsa, inda mu muke soke biro don a san mun yi karatu, shi sukundireba yake sokewa. Kafin ƙarfe takwas ya zaga hawa uku, ya ciro takardar da ta maƙale a firinta, ya mayar da wayar da mai shara ta fizge, ya kuma saurari wani babban malami mai littafi biyu a kan sadarwa yana rantsuwa cewa bai taɓa komai ba.

Sai kuma al'adarsa ta ranar Alhamis. Yana da wani baƙin faifan ajiya, gefensa ya fashe an naɗe da salatif. Da shi yake bi ofis-ofis yana kwafar abu ɗaya daga kowace kwamfuta. Burauza, wato manhajar da muke shiga intanet da ita, tana da wata jaka a ɓoye inda take tara duk abin da ta sani game da mai ita, har da alamomin shafi, wato adireshin shafukan da mutum ya ajiye don ya koma musu. Masu sana'ar suna ce wa jakar furofayil. Ita yake kwafa. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ba ruwanka da ni yau. Wata rana za ka neme ni."

Da gajimare ya zo, aka haɗa duk kwamfutocin cibiya a asusu ɗaya, aka kunna abin da ake kira daidaitawa: abin da ka ajiye a nan, ya bayyana a can. Takardar umarni ta biyo baya, ta haramta kwafar bayanan cibiya a kowane irin faifai, saboda tsaro. A taron da aka karanta ta, Kashe-Kunna ya ɗaga hannu daga kujerar baya.

"Ranka ya daɗe, daidaitawa ba ajiya ba ce. Yadda take raba alheri haka take raba ɓarna. Wanda ya goge a ɗaya, ya goge a duka."

Darakta ya yi murmushin da ake yi wa kaka in ta ce a guji mota. "Malam, ka sha shayinka. Duniya ta yi gaba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don a layin gaba nake zaune kuma ana ganin fuskata. Shi kuwa ya ci gaba da zagayen Alhamis, sai dai yanzu faifan yana cikin jakar abincinsa.

Wadda ta fi kowa dukiya a wannan asusu ita ce mai kula da ɗakin karatu, wadda duk muke kira Yaya. Cibiyar ta daina sayen littattafai tun kafin wasu ɗalibanmu su iya tafiya, don haka Yaya ta yi shekara goma sha shida tana bin intanet tana tsinto abin karatu na kyauta, tana tace na ƙwarai daga shara, tana jera su jaka-jaka da ɗan bayani a jikin kowane. Alamomi dubu shida da 'yan kai. Abin da muke nuna wa baƙi muna cewa laburaren zamani, shi ke nan, babu wani. Kuma da aka buɗe asusun gajimare, sunanta aka sa a matsayin mai riƙe da shi, domin an saba a rubuta sunan na ƙasa a wurin da abu zai iya lalacewa. Saura mata shekara biyu ta gama aiki. Mijinta yana kwance tun bara, rabin jikinsa ba ya motsi.

Wata Juma'a a watan jiya aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, kwamfutarta ta mutu farat ɗaya. Ta rufe ta tafi gida. Ranar Litinin ta kunna, burauza ta buɗe fes kamar ranar da aka haife ta. Babu alama ko ɗaya. Ba ta tsorata ba, ai ta karanta allon bakin ƙofa. Ta duba kwamfutar ɗalibai ta farko, wayam. Ta biyu, wayam. Ɗalibai arba'in masu rubutun kammalawa sun yi layi a bayanta, ga masu tantance cibiyoyi za su zo ranar Alhamis. Sakatariyar sashenmu ta ce ta ga Yaya ta zauna a kujerar ɗalibai ta ɗora hannu biyu a ka.

Da aka kira Kashe-Kunna, karon farko a tarihi bai yi tambayarsa ba. Ya wuce kowa, ya durƙusa ƙarƙashin teburin Yaya, ya zare wayar intanet. Sannan ya miƙe ya gaishe ta.

"Yaya, kin shigar da asusun a wannan?"

"Yanzu nake shirin yi."

"To Allah ya so mu. Kada wanda ya taɓa ta, ko da Darakta ne."

"Ƙanena, gaya mini gaskiya. Sun tafi?"

"Daga sama sun tafi. Bari in duba ƙasa."

Abin da ya faru, kamar yadda ya bayyana mini daga baya, shi ne ɗauke wutar ya lalata furofayil ɗin Yaya. Da burauza ta kasa karanta shi sai ta yi watsi da shi ta buɗe sabo. Tsohon yana nan kwance a jakarsa, kuma da yake ya lalace, bai ji labarin cewa an goge komai daga gajimare a ƙarshen mako ba. Duk lafiyayyun kwamfutocin cibiya sun karɓi umarni sun bi. Marar lafiyar ce kawai ta ƙi. Na san ma'aikata irin haka, amma ba a ba su lambar yabo.

Wanda ya goge ɗin kuma bai wahalar da mu da bincike ba. Ina tsaye a baranda da rana Darakta ya tare Kashe-Kunna, da kwamfutar hannunsa a hammata. "Af, ranar Asabar na yi maka aikinka. Na ga wata jaka cike da tarkace ta cika mini allo, dubbai, na share ta. Ku riƙa tsabta mana." Kashe-Kunna ya dube shi, ya dube ni. Ni kuma na dubi takalmina, wanda a lokacin ya zama abin sha'awa ƙwarai.

Kwana biyu ya yi a teburin Yaya. Ya fara kwafar lalataccen furofayil ɗin gefe, don ya ce ba a yi wa majinyaci tiyata sai an tanadi jini. Babban fayil ɗin alamomin ya dagargaje. Kwafin da burauza take ajiye wa kanta ya buɗe, amma rabi ne. Sai ya buɗe jakar abincinsa a gaban kowa, ya ciro baƙin faifan, ya cike sauran daga kwafin Alhamis. Bai mayar da wayar intanet ba sai da ya share ajiyar gajimaren gaba ɗaya, don in ba haka ba gajimaren zai ga alamomin ya ce ai an ce a goge waɗannan, ya sake cinye su. Sannan ya ɗora na Yaya a matsayin tushe, ya bi kwamfutoci talatin da ɗaya yana duba kowace da idonsa. Alamomi goma sha huɗu kawai suka salwanta, na ranar Juma'ar. Yaya ta tuna tara da ka.

Masu tantancewa suka zo, suka gani, suka yaba. Amma ɗalibai sun riga sun kai ƙara sama, an kuma rubuto a ji wanda ya jawo laburare ya yi kwana biyu wayam. Aka kafa kwamiti, Darakta ne shugaba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wanda ya yi karin maganar bai ga tsuntsu mai lema da direba ba. Ni aka sa rubuta bayanin zama, don haka kada mai karatu ya ɗauka wankakke ne yake ba shi labari.

Ba a yi minti ashirin ba magana ta karkata inda aka tsara. Asusu sunan wa? Na Yaya. Wa ke da alhakin kula da shi? Yaya. Wani ya ambaci shekaru da raunin ido, wani ya ce akwai tanadin ritayar dole ga wanda aiki ya fi ƙarfinsa, cikin mutunci. Yaya tana zaune tana murza bakin mayafinta. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai Kashe-Kunna ya ce, "Yaya, dakata." Ya tashi, ya ajiye baƙin faifan a tsakiyar tebur.

"Ranka ya daɗe, in laifi ake nema, ga shi. Shekara uku ina kwafar bayanan cibiya a wannan, bayan an hana. Kuma ni na saita asusun, ban kulle shi yadda ba kowa zai iya gogewa ba. Yaya ba ta da hannu."

Ban taɓa ganin kwamiti ya samu sauƙi irin na ranar ba. Ga laifi rubutacce, ga lambar takardar umarni, ga shaida da salatif a jikinta. Babu wanda ya tambayi wace na'ura ce ta yi gogewar. Aka karɓe faifan aka kulle a durowar Darakta, saboda tsaro.

A matakala na tare Kashe-Kunna na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Ka ji, na ji."

"Kai da ka ji, me ya hana ka?" Bai faɗa da zafi ba, da ma ya faɗa da zafi. "In na faɗa, za a ce a kawo hujja, a yi wata shida ana kawowa, Yaya tana gida an dakatar da ita. Ni saura mini mako bakwai. Ita shekara biyu, ga mai gida a kwance. Wa ya fi sauƙin ɗauka?"

Kai ne, Kashe-Kunna. Kullum kai ne ka fi sauƙin ɗauka, shi ya sa muka yi shekara ashirin da tara muna ɗora maka. Kai ne wanda ake tunawa in allo ya yi baƙi, a manta in ya yi haske. Ka san kalmar sirrin rabin mutanen ginin nan, da abin da suke kallo in sun rufe ƙofa, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinka ba. Ka faɗi gaskiya daga kujerar baya aka yi maka dariya, da ranar ta zo ba ka ce ai na faɗa ba. Mun gode. Yaya ta gode, ita da ta kasa faɗa maka sai ta aiko da sabuwar butar shayi mai murfinta. Ɗalibai arba'in sun gode, ko da yake ba su sani ba.

Ga na baya kuma, ina so in ce ku yi koyi da shi, sai dai na ga abin da koyin yake jawowa. Duk da haka ku yi. Ku ajiye kwafi. Ku zare waya kafin ku fara gyara. In aka zo rataye na ƙasa da ku, ko ba za ku iya ajiye faifai a tebur ba, ku ɗaga ido daga takalminku.

Shekaranjiya aka yi taron murnar sakamakon tantancewa. Darakta ya nuna allon bakin ƙofa, ya ce abin da ya faru ya tabbatar da maganarsa: an jarraba tsarin, ba a rasa komai ba. Ana cikin tafi masinja ya sauka ƙarƙashin matakala da takardar gargaɗi, wadda za ta shiga fayil ta kuma soke ƙarin matsayin da ake yi wa mai barin aiki. Na bi shi a baya. Kashe-Kunna ya karanta har ƙasa, ya laluba aljihu ya tarar sukundireba ce, ya ari birona ya sa hannu. Masinja ya juya zai tafi.

"Tsaya," in ji Kashe-Kunna. "A yi mini kwafi ɗaya."

Masinja ya ce firinta ta maƙale tun safe. Kashe-Kunna ya kashe fankar, ya karɓi takardar, ya hau sama ya gyara firintar.